Kafin a sayo wa talaka kwamfuta

A watan Nuwamba na 2005, a birnin Tunis, wurin babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan fasahar sadarwa, Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ta Amurka ya tsaya tare da Kofi Annan, ya ɗaga wata 'yar koriyar kwamfuta a gaban 'yan jarida. Ya ce dala 100 za a riƙa sayar da ita, kuma kowane yaro a ƙasashe masu tasowa zai mallaki tasa. Da yake an san ba ko'ina ke da lantarki ba, an maƙala mata wani hannu da ake juyawa don a yi mata caji. Annan ya kama hannun ya juya, sai hannun ya cire.

Ba a ɗauki abin da zafi ba, tunda samfuri ne. Shirin, mai suna One Laptop per Child, ya ci gaba, kuma injiniyoyinsa sun san aikinsu. Allon da Mary Lou Jepsen ta ƙera ana iya karatu a kansa da rana tsaka, madannan na roba ne don kada ƙura ta shiga, ga shi ba ta cin wuta sosai. Amma da aka fara ƙera ta da yawa a ƙarshen 2007, hannun cajin ya ɓace daga jikinta, farashinta kuma ya kai dala 188. An yi hasashen raba fiye da miliyan 100. Abin da aka raba a duniya baki ɗaya bai wuce kimanin miliyan 3 ba.

Najeriya na cikin ƙasashen da aka sa ran za su saya tun farko. A zamanin Obasanjo an yi ta maganar kwamfuta miliyan ɗaya, aka kai gwaji makarantar firamare ta Galadima a bayan garin Abuja a 2007, yayin da kamfanin Intel ke gwada tasa kwamfutar mai suna Classmate a wata ƙaramar sakandare a Jabi. Gwamnati ta sauya, magana ta sauya. Ministan ilimi na lokacin 'Yar'aduwa, Igwe Aja-Nwachukwu, ya tambayi BBC ko mene ne amfanin ba yaro kwamfuta alhali ba shi da kujerar zama a aji, ba shi da kayan makaranta. Miliyan ɗayan nan ba a saye ta ba har yau.

Cikin ƙasashen da suka saya da gaske akwai Peru, wadda ta raba fiye da 800,000. Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bi sawu, ya auna makarantu 319 na karkara bayan wata 15, ya fitar da sakamako a 2012. Yaran sun iya sarrafa na'urar, an kuma ga ɗan ci gaba a gwajin kaifin tunani, amma a lissafi da karatu babu bambanci tsakaninsu da yaran da ba a ba kome ba. Yawancin makarantun ba su da intanet, malamai kuma sun sami horo kaɗan. A Paraguay, wata mai bincike, Morgan Ames, ta zauna da yaran da aka ba irin wannan kwamfuta, ta tarar da yawa sun lalace an ajiye, waɗanda ke aiki kuma galibi kiɗa da bidiyo da wasa ake yi da su. Duk da haka, a 2011 Negroponte ya fito yana cewa zai jefa kwamfutocin hannu daga jirgi mai saukar ungulu a ƙauyuka, yara su koya wa kansu karatu.

Wannan tunani, cewa na'ura ita kaɗai za ta iya, shi ne ciwon. Kuma ciwon yana da tushe da ba a cika faɗa ba: wanda ke zaɓen na'urar daban, wanda zai zauna da ita daban. Minista ko ɗan majalisa ko jami'in wata ƙungiyar agaji shi ke sa hannu a takarda, kuma abin da yake buƙata yana ƙarewa ranar da aka yanke ƙyalle aka ɗauki hoto. Malamar aji huɗu da ma'aikacin ƙaramin asibiti da sakataren ƙungiyar manoma su ne za su wayi gari da ita bayan baƙi sun tafi. Wa zai yi mata caji, wa zai gyara ta, da wane harshe za ta yi magana, kuma wane aiki ne takamaimai za ta sauƙaƙa? Waɗannan tambayoyi nasu ne, kuma ba a cika gayyatarsu wurin da ake yanke shawara ba.

Uruguay ta sayi kwamfutar nan ta Negroponte, amma ta bi wata hanya. Shugaba Tabaré Vázquez ya kafa shirin Ceibal a 2007, zuwa 2009 kowane ɗalibin firamaren gwamnati ya karɓi tasa. Ƙasa ce mai mutum miliyan 3 da 'yan kai, kusan kowane gida da lantarki. Gwamnati ta ja intanet zuwa makarantu, ta kafa hukuma ta dindindin mai kula da gyara da sauya na'urori da horar da malamai. Ko a can binciken farko bai nuna makin yara ya tashi a lissafi da karatu ba. Sai dai tsarin ya rayu, kuma da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, Uruguay na cikin ƙasashen yankin da karatu bai tsaya cak ba. Na'ura iri ɗaya ce da ta Peru. Abin da aka gina a kewayenta ne ya bambanta. Kentaro Toyama, wanda ya yi shekaru yana irin waɗannan gwaje-gwaje a cibiyar binciken Microsoft da ke Indiya, ya rubuta a littafinsa na 2015 cewa fasaha tana ƙara ƙarfin abin da ta tarar ne kawai. Makaranta mai malamai na kirki za ta ƙaru da kwamfuta. Wadda malamanta ba sa zuwa aiki za ta sami ƙarin kayan da za a kulle a ofishin hedimasta.

A shekarar da aka kai kwamfutoci Galadima, a watan Maris na 2007, kamfanin Safaricom ya ƙaddamar da M-Pesa a Kenya. Ba a raba wa kowa na'ura ba. An dubi abin da ke aljihun mutane, wato ƙaramar waya mai madannai, aka ɗora tsarin aika kuɗi a kan layin da ke cikinta. Tarihin shirin ma darasi ne. Da farko an tsara shi ne don masu ƙananan rance su riƙa biyan bashi, amma a lokacin gwaji aka lura mutane suna amfani da shi wajen tura wa 'yan uwa kuɗi. Masu shirin ba su ce jama'a sun yi kuskure ba. Sun sake fasalinsa ya bi abin da jama'ar ke so. Sannan babban aikin ba a cikin wayar yake ba, yana wajen dubban wakilai masu shaguna a unguwanni da ƙauyuka, inda mutum zai miƙa takardar kuɗi a sa masa a waya, ko a cire masa. Wani bincike da Tavneet Suri da William Jack suka wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa tsarin ya fitar da gidaje kusan 194,000 daga talauci, kimanin kashi 2 cikin 100 na gidajen Kenya, kuma gidajen da mata ke riƙe da su sun fi amfana.

Duk wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san wannan ba labarin nesa ba ne. Manhajojin manyan bankuna sun riƙa sanƙarewa, mutane suka koma ga mai POS da ke ƙarƙashin lema a bakin titi, da lambobin da ake dannawa a ƙaramar waya ba tare da data ba.

Hujja mafi kusa da gida daga Nijar ta fito. Jenny Aker, masaniyar tattalin arziki, ta bi farashin hatsi a kasuwannin ƙasar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da sabis ɗin waya ke shiga gari bayan gari. Ta gano cewa a kasuwannin da waya ta isa, tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san fataucin gero. Da can sai ɗan kasuwa ya hau mota ya yini a hanya kafin ya san nawa ake sayar da buhu a wata kasuwa. Yanzu kira ɗaya ya isa, hatsi ya tafi inda ake nemansa. Babu manhaja, babu horo, babu bikin ƙaddamarwa.

Aker ba ta tsaya nan ba. Tare da abokan aikinta da ƙungiyar Catholic Relief Services, sun gwada wani abu a azuzuwan yaƙi da jahilci na manya a jihohin Doso da Damagaram, inda ake koyarwa da Hausa da Zabarmanci. A wasu ƙauyukan aka ci gaba da darasi yadda aka saba. A wasu kuma aka ƙara koya wa ɗalibai yadda ake nemo harafi da lamba a ƙaramar waya da yadda ake aika saƙo, aka ba kowane rukunin mutum biyar waya ɗaya su riƙa karɓa-karɓa. Waɗanda suka sami wayar sun fi sauran maki a rubutu da lissafi. Abin lura a nan shi ne malamin yana nan, allo da alli suna nan, harshen na gida ne. Wayar ta ba dattijo dalilin da zai ci gaba da rubutu bayan an tashi daga aji, tunda saƙo ya fi kira araha, kuma yana da ɗa a Legas ko Agadas da yake son ya ji daga gare shi. Idan aka kwatanta kuɗin waya ɗaya ga mutum biyar da kuɗin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, aka kuma kwatanta sakamakon biyun, ya kamata kowane kwamishinan ilimi ya tsaya ya yi tunani.

'Yan kasuwa sun riga gwamnatoci fahimtar wannan, domin su idan sun yi kuskure aljihunsu ne ke kuka. Nokia 1100, wadda ta fito a 2003, an sayar da fiye da miliyan 250, kuma abin da ya sayar da ita tocila ce, da batir mai kwanaki, da jikin da ke jure faɗuwa da ƙura. Bayanta sai kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, wanda ya mai da Afirka babbar kasuwarsa tun kafin manyan kamfanoni su waiwayo. Mutanensa sun lura cewa ɗan Najeriya yana yawo da waya biyu ko uku saboda kira tsakanin layuka da tsada, sabis kuma yana zuwa yana ɗaukewa, sai suka yi waya mai layi biyu, har da mai huɗu. Sun daidaita kyamara ta riƙa fitar da fuskar baƙar fata da kyau, sun ƙara girman batir da ƙarar sifika, sun sa Hausa da Suwahili da Amharik a cikin harsunan wayar, sun buɗe cibiyoyin gyara na Carlcare. Yau kusan rabin manyan wayoyin da ake shigowa da su Afirka nasu ne.

Maganar gyara ita ce aka fi rainawa, alhali ita ce ke yanke tsawon ran na'ura. Wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko Computer Village a Ikeja, zai ga matasa a kan ƙananan tebura suna sauya gilashi, suna narka dalma, suna ta da wayar da mai ita ya fid da rai. Wayar da ta yi yawa a hannun jama'a tana da kayan gyara a kowane lungu, kuma akwai yaron da ya san cikinta ko da ido rufe. Na'urar da aka ƙera musamman don wani shiri, mai caja ta daban da batir na daban, ranar da wani abu ya ƙone a cikinta ranar ta mutu, sai dai a jira kaya daga ƙetare, idan kamfanin yana nan. Ya kamata a ce kafin wata ma'aikata ta sa hannu a kwangilar na'ura dubu, ta aika da guda ɗaya kasuwa, ta ji ko masu gyara sun san ta, kuma nawa ne gilashinta.

Sai wuta. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya kusan miliyan 85 ba sa kan layin lantarki na ƙasa, waɗanda ke kai kuma sun san yadda take. A Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki. Kwamfutar tebur da allonta tana iya cin wat 100 ko fiye, ɗaki mai guda 40 kuwa sai da janareta, janareta kuma sai da mai, man da litarsa ba ta kai naira 200 ba kafin a cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023, ta kuma haura 1,000 a shekarar da ta biyo baya. Wace makarantar gwamnati ce ke da wannan kuɗin a kowane mako? Ga zafi. Kamfanoni da yawa suna rubuta cewa kwamfutarsu ta tafi-da-gidanka an yi ta ne don ta yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a Sakkwato da Maiduguri da Yamai watan Afrilu yana haura 40 a inuwa. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fankar da ke sanyaya injin. Ga wutar da ke dawowa da ƙarfi ta ƙona duk abin da ta tarar a jone. Ɗakunan kwamfuta da aka rufe da kwaɗo, an lulluɓe na'urori da leda, ba sakacin hedimasta ne kawai ya jawo su ba. Tun a takardar saye aka rubuta ƙarshensu. Akwai ƙananan kwamfutoci irin su Raspberry Pi, wadda ta fito a 2012 a kan dala 35, da ba su da fanka kuma 'yan wat kaɗan suke ci, faifan sola madaidaici zai riƙe da dama daga cikinsu. Laifinsu ɗaya, ba su da kwarjini a hoto, kuma kwangilarsu ba ta da kauri.

Haka nan zaton cewa intanet tana nan kullum. A watan Satumba na 2021 an kashe layukan waya a faɗin jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka bi da wasu ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato da Kaduna, kuma an kwashe watanni kafin a maido da su. A ranar 14 ga Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi daga Abijan zuwa Legas suka rikice. Tsarin rajistar marasa lafiya ko na biyan albashi da ba ya motsi sai da sabis, a irin waɗannan ranaku ya zama babu. Maganin ba sabo ba ne. Wani Ba'amurke, Cliff Missen, ya koyar a Jami'ar Jos a 1999, ya ga yadda malamai ke shan wahala kafin shafi ɗaya ya buɗe, ya koma Jami'ar Iowa suka ƙirƙiro eGranary, ma'ajiya guda da aka zuba wa miliyoyin littattafai da maƙaloli da bidiyo, a ajiye ta a makaranta kowa ya karanta ba tare da intanet ba. Manhajar Kiwix tana yin haka da Wikipedia, Kolibri kuma da darussan makaranta. Jama'a ma sun daɗe da gano tasu hanyar. Masu tura fina-finai da wa'azi da karatun Alƙur'ani a katin memori, da matasan da ke musayar bidiyo ta Xender, sun gina hanyar rarraba ilimi da nishaɗi wadda ba ta cin data ko kaɗan. Ma'aikatar gona da ke son manomi ya ga yadda ake feshin ƙwari zai fi mata sauƙi ta bi ta hannun waɗannan matasa da ta buɗe shafin da ba wanda zai shiga.

Yaƙi da cutar shan inna ya nuna yadda ake yin abin idan an natsu. Matsalar ita ce ba a san ko masu rigakafi sun shiga kowane ƙauye da ruga ba, taswirorin da ake da su kuma na hannu ne, da yawa sun bar garuruwa a waje. Aka zana sababbin taswirori daga hotunan tauraron ɗan'adam, aka ba tawagogi wayoyi masu sauƙi da ke rubuta inda aka taka. Ma'aikaciyar rigakafi ba ta danna kome, ba ta buƙatar sabis. Ta sa wayar a jaka ta yi aikinta, da yamma a karɓa a sauke bayanan a yi mata caji, washegari a ga unguwar da aka tsallake a koma. Ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano tana cikin waɗanda suka gudanar da wannan aiki. Ba wayar ce ta kawar da cutar ba, aikin sarakuna da malamai da dubban matan da suka bi gida-gida ne. Amma an zaɓi na'urar da ta dace da matar da za ta ɗauke ta, kuma a ranar 25 ga Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji.

Akwai masu jin haushin duk wannan magana, kuma haushinsu yana da hujja. Suna cewa da sunan dacewa ake mai da talaka juji. A 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta ba da rahoton cewa kwantena kusan 500 na tsofaffin kayan lantarki ke sauka a Legas kowane wata, kuma masu sana'ar sun shaida mata cewa har kashi 75 cikin 100 na wasu kayan ba sa gyaruwa. Wani ɓangare na irin wannan kaya da sunan taimako yake shigowa. Ƙarshensa wuta, kamar yadda aka yi shekaru ana gani a Agbogbloshie ta birnin Akara, inda matasa, yawancinsu daga arewacin Gana, ke ƙona wayoyi don su ciro tagulla suna shaƙar hayaƙin. Araha ma tana da nata haɗarin. A 2020 wani kamfanin tsaron intanet ya gano muguwar manhaja da aka dasa tun daga masana'anta a dubban wayoyin Tecno W2, tana cinye wa mutane data tana yi musu rajistar abin da ba su nema ba. Transsion ya ce daga wani mai kawo masa kaya matsalar ta fito, kuma ya fitar da gyara. Wanda ya fi kowa rashin kuɗi shi aka fi sauƙin cuta, saboda haka hukumomin kula da inganci da na sadarwa suna da aiki a kan na'ura mai araha fiye da mai tsada.

Suna kuma cewa yaron Kano ko Maraɗi da ke son ya zama injiniyan manhaja ba zai koyi aikin a ƙaramar waya mai tocila ba. Gaskiya ne. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta yana buƙatar kwamfuta ta sosai, da wuta, da intanet mai ƙarfi, kuma hana shi su da sunan sauƙaƙawa zalunci ne. Amma wannan bai rushe maganar ba, ya ƙara mata ƙarfi ne. Mai sayar da gero, da ungozoma, da ɗalibin jami'a, da ɗan aji uku na firamare, mutum huɗu ne masu buƙata huɗu, kuma kuskuren da ake yi shi ne a sayo musu abu ɗaya. Kuɗin da aka watsa wajen raba wa yara dubu ɗari kwamfutar da za ta mutu cikin shekara biyu zai iya gina ɗakuna ƙalilan masu sola da ma'aikaci mai albashi, a buɗe har dare, inda duk mai son koyo zai samu. Tsohuwar kwamfuta mai lafiya ma ba shara ba ce. Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoba na 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, kuma miliyoyin na'urori masu aiki ba za su ɗauki Windows 11 ba. Manhajar Linux, wadda kyauta ce, tana tafiya lafiya a kan yawancinsu. Bambancin taimako da zubar da shara shi ne a gwada kowace na'ura kafin ta hau jirgi, a kuma san wanda zai kula da ita idan ta sauka.

Hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga jami'a a Najeriya, ta ba da ƙaramin misali mai kyau. Da ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta a 2015, ɗalibai da yawa daga karkara sun fara taɓa linzamin kwamfuta ne a ɗakin jarrabawa. Daga baya hukumar ta tsara yadda za a iya yin jarrabawar da madannai takwas kawai, huɗu na zaɓen amsa, sauran na gaba da baya da miƙa aiki. Wannan bai maye gurbin koya wa yara kwamfuta tun a makaranta ba, amma ya rage yawan waɗanda za su faɗi saboda hannu yana rawa, ba don ba su san amsa ba.

Harshe shi ne shingen da ya rage, kuma shi ne mafi tsayi. Miliyoyin Hausawa suna karanta ajami ba sa karanta boko, wasu ba sa karanta ko ɗaya, amma da yawansu suna aika saƙon murya a WhatsApp ba tare da wani ya koya musu ba. Wannan ya isa ya nuna wa mai tsara manhaja inda ƙofa take. Tsarin da ake kira a saurara, irin layin 3-2-1 da kamfanin Viamo ya yi da Airtel, inda mutum ke danna lamba ya ji bayanin lafiya ko noma da Hausa, ya fi kusa da rayuwar uwar gida a ƙauye fiye da fom mai shafi biyar da Turanci. Yanzu da ake tallar ƙirƙirarriyar basira a kowane taro, za a zo wa gwamnoni da sababbin alkawura masu kama da na 2005. Gwajin da ya kamata a yi mata mai sauƙi ne: a ba wata dattijuwa a Ɗanbatta ko Tasawa ƙaramar wayarta, ta yi tambaya da bakinta a kan zazzaɓin jikanta, a ji ko na'urar ta fahimci Hausarta, a kuma sa likita ya duba amsar.

Majalisun jihohi suna da ikon da ba sa amfani da shi a nan. Duk shekara kasafin kuɗi yana zuwa da layin sayen kwamfutoci ga makarantu da asibitoci da sakatariyoyi, ban da waɗanda 'yan majalisar tarayya da hukumomi irin su NITDA da asusun USPF ke rabawa. Kafin a amince da sabon layi, kwamitin ilimi ko na lafiya zai iya neman a kawo masa lissafin na'urorin da aka saya cikin shekara goma da suka wuce, makaranta bayan makaranta: nawa aka kai, nawa ke kunnuwa yau, awa nawa ɗalibi ke zama a gabansu a mako. Sannan a sa doka cewa duk kwangilar na'ura ta zo da kuɗin sola, da kayan gyara na shekara uku, da albashin wanda zai kula da ɗakin, da sa hannun shugaban makarantar ko asibitin cewa ya ga samfurin ya gwada shi a wurin aikinsa na tsawon zango guda kafin a biya ɗan kwangila.